Kawaicin Anti Ba-Komai

Shafi na 17

Masu faɗa a ƙasan shafin jiya cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa kamar masu jiran mota, na ji, na karɓi laifina. Ku gyara zama. Ke kuma da kika ce in Anti ba ta buɗe baki yau ba za ki zo ki buɗe mata da cokali, ajiye cokalinki tukuna.

*

Sati uku ke nan cif da ranar da Mama, mai shagon ɗinkin labule, ta kira Anti Ba-Komai ofis, ta ce gwiwoyinta sun gaji, za ta koma gidan ɗanta ta huta, kuma ita take so ta bar wa riƙon shagon.

Sati uku ke nan kuma da Anti ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Mama, ni wace ce? Ai akwai waɗanda suka fi ni."

Ta faɗa ne tana jiran a sake tambaya. Haka aka rene ta. Ba a miƙa hannu a tayin farko, sai an ce karɓi mana, an sake cewa karɓi mana, sannan mutum ya karɓa yana sunne kai.

Mama ba ta sake ba. Kallonta ta yi ta saman tabarau, ta tambaye ta kamar wa, da ta ji amsa ta ce, "To."

Tun daga ranar, daga ina kwana sai sai gobe.

Yau da safe Anti na yanka wa 'yan biyunta burodi, mijinta na tsaye yana kurɓar shayi da sauri, don motar makarantar da yake ja ba ta jiran kowa. Ya dubi faranti, ya dube ta.

"Uwar biyu, wannan yanka na goma sha ɗaya ne fa. Mu huɗu ne a gidan."

Ta duba. Gaskiyarsa.

"Ba komai," ta ce. Kalmar da ta jawo mata suna ke nan a wajen aiki, har wasu masu kawo ɗinki sun ɗauka shi ne sunanta na yanka.

"Da komai. Jiya rigata ɗaya kika goge sau biyu kika bar wandon. Shekaranjiya gishiri kika miƙo min na zuba a shayi, na shanye don kar ki ji kunya. Me ke faruwa?"

Ta tura yaran ɗaki su ɗauko jakunkunansu. Sannan, tana kallon wuƙar hannunta, ta zayyana masa komai.

Ya ajiye kofin a hankali.

"Kika ce mata me?"

"Na ce akwai waɗanda suka fi ni."

Sai ya fashe da dariya har yana dafa bango.

"Baban biyu, abin dariya ne?"

"Wallahi maganar nan ce! Ita ce dai, ko wasali ba ki canza ba. Ranar da na ce ina son aurenki me kika ce min? 'Ka je ka duba da kyau, akwai waɗanda suka fi ni.' Kwana tara ina yawo kamar an kwance min notin kai. Ba don yayarki ta tare ni a hanya ta ce, 'Kai sakarai, koma ka sake tambaya' ba, da yanzu wata ce ke yanka min burodi."

"Da ta yanka maka daidai."

"Da ta yanka daidai, amma da ban ƙoshi ba." Ya ɗauki yanka biyu ya naɗe a takarda. "Ki ji, Mama ba ta da yayarki da za ta tare ta a hanya. Kina son riƙon shagon nan?"

Ta jawo faranti ta shiga jera burodin.

"Ni ne fa. Mijinki. Ba wanda ke ji sai buta."

"Shekara goma sha huɗu ina mafarkinsa," ta ce a hankali. "Har na san inda zan mayar da teburin yanka don haske ya riƙa faɗa masa."

"To je ki faɗa mata."

"Da bakina?"

"A'a, bari in ara miki nawa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, uwar biyu."

Ya sa hula, ya kwashi yaran, yana fita yana ta maimaita wa kansa, "Akwai waɗanda suka fi ni," yana girgiza kai. Ta harari bayansa, amma murmushi ya riga ya ci amanarta.

*

Ta iske shago ya riga ya ɗauki zafi. Kekunan ɗinki biyar na ta gudu, bandir-bandir na yadi jingine da bango, ƙamshin sabon yadi ya gauraya da tururin guga. Jiya gaba ɗaya ba ta wuni a nan ba, Mama ta tura ta rataye labule a wani gida mai nisa, sai yamma ta gama.

Tana ajiye jaka, Rediyo mai guga ta saki dutsen guga ta matso. Rediyo dai labari ba ya kwana a bakinta, in ya kwana to ya yi tsami.

"Anti! Ashe haka ake yi? Sai a waje za mu ji?"

"Ku ji me?"

"Uhm. Masu zurfin ciki. To Allah ya sanya alheri, in kin je can ki tuna da mu masu guga."

"In na je ina?"

"Ni dai ban ce komai ba." Ta rage murya, ta nuna ofis da haɓa. "Tun bakwai Mama take ciki. Sau uku tana tambayarki. Ko gaisuwata da ka ta amsa."

Anti ta duba keke na shida, wanda ke kusa da nata. Babu kowa a kai.

"Ina Gimbiya?"

Gimbiya ƙanwar mijinta ce. Ita ta kawo ta shagon shekara uku da suka wuce, bayan ta yaye ɗanta na fari ta ce zaman gida ya ishe ta.

"Tana ɗakin baya tun jiya. Ta kulle kanta, wai kar a dame ta. Ni kuwa me ya kai ni."

Anti ta ɗaura rigar aikinta, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta tsaya gaban ƙofar ofis. Ta ɗaga hannu, ta sauke. Ta sake ɗagawa.

"In ke ce ki shigo, ina ganin ƙafafunki ta ƙasan ƙofa," muryar Mama ta fito.

Mama na zaune ta miƙe ƙafa ɗaya bisa ƙaramar kujera, ofishin duk warin man zafi. Anti ta durƙusa ta gaishe ta.

"Rufe ƙofar. Zauna."

"A'a Mama, nan ma ya yi."

"Zauna, ba na iya sunkuyo da wuya."

Ta ɗosana a bakin kujera.

Mama ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Yaushe za ki tafi?"

"Ina, Mama?"

"Tsallaken titi."

Tsallaken titi shagon Mai Gilashi ne, sabon shagon labulen da gabansa duk gilashi, wanda ya buɗe bara yana ta farautar ma'aikatan mutane.

"Ni? Me zan je yi a can?"

"Kar ki mayar da ni yarinya. Ɗana ya haɗu da shi a gidan mai, mutumin nan ya dafa kafaɗarsa ya ce, 'Ka gaida Mama, ka ce mata babbar ma'aikaciyarta ta kusa zama tamu.' Ya ce da hannu biyu kika karɓi katinsa. Ya ce kin ce za ki yi tunani. Ƙarya ya yi?"

Anti ta sunkuyar da kai.

"Bai yi ƙarya ba, Mama. Amma..."

"To."

"A wajen jiran mota ya tare ni. Mutum ne da furfura, ya fara magana, ya zan katse shi? Motoci biyu suka wuce ni ina tsaye ina cewa haka ne, haka ne. Da ya miƙo katin, sai in bar hannun babba a miƙe?"

"'Zan yi tunani' fa?"

"Don ya bar ni in tafi ne. In na ce a'a kai tsaye ai sai ya ji kunya a gaban mutane."

"Katin yana ina?"

Anti ta laluba aljihun rigar aikinta, ta fito da shi. An naɗe shi da koren zare tam, ko lambar wayar ba a gani.

"Ragowar zare nake naɗewa a kai. Takardar na da ƙarfi."

Mama ta kalli katin. Leɓenta ya motsa kamar dariya za ta kufce, ta danne.

"To in ba can za ki ba, me ya sa kika ƙi ni?"

"Ban ƙi ki ba, Mama."

"Kin ƙi ni mana!" Ta buga tafin hannu a tebur, kwalbar man zafi ta yi tsalle. "Kwana biyu ina shirya maganar nan a raina. Shagon nan da keke ɗaya na fara shi a barandar gidan haya, da goyo a bayana. Ɗana bai san bambancin allura da ƙusa ba. Na duba duk duniya na ce ke. Na buɗe baki na ba ki abin da na fi so bayan ɗan da na haifa, kika dube ni kika ce akwai waɗanda suka fi ki. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na ce yarinyar nan ta raina shagon ne, ta samu wanda ya fi shi, kunya ce ta hana ta faɗa min."

Idon Anti ya kawo ruwa.

"Wallahi Mama ban taɓa raina shi ba. Na ɗauka... na ɗauka za ki sake tambaya."

"In sake me?"

"Tambaya. Ai ba a karɓa a tayin farko."

Mama ta cire tabarau gaba ɗaya ta ajiye.

"Ke. Shago na ba ki fa, ba kofin shayi ba."

"Na sani, Mama."

"Wato sati ukun nan da nake fushi, ke jira kike in ce karɓi mana?"

Anti ta gyaɗa kai.

"Ni kuma ina jira ki zo ki ce min sai wata rana." Mama ta jingina da kujera tana tafa hannu a hankali. "Kai, Allah ya shirya mu. Tsohuwa da uwar 'ya'ya biyu, muna zaune ɗaki ɗaya muna gaisuwa kamar maƙwabtan da akuya ta haɗa faɗa."

Ta jawo doguwar rular katako da ke kan tebur ta riƙe.

"To saurara. Zan tambaya, kuma daga wannan ba ƙari. Kina son riƙon shagon nan ko ba kya so?"

Anti ta murza yatsunta.

"Mama, duk yadda kika ga ya dace ai..."

Mama ta ɗaga rular.

"Ina so."

"Ban ji ba. Kunnen ma ya bi gwiwa."

"Ina so, Mama."

"Da wa kike, da ni ko da takalminki?"

Anti ta ɗago kai. Wani abu da ya shekara goma sha huɗu yana kwance a ƙirjinta ya miƙe tsaye.

"INA SO! Ina son shagon nan, na iya aikin, kuma na san ba wanda zai riƙe miki shi kamar ni!"

Kekunan waje suka tsaya cak, gaba ɗaya. Can sai aka ji tafi ɗaya, biyu, daga wajen teburin guga.

Anti ta toshe baki da hannu biyu.

Mama kuwa dariya take har da hawaye, tana share ido da bayan hannu.

"Ashe da murya a cikin nan! Shekara goma sha huɗu ina biyan mai raɗa albashi."

"Ki yi haƙuri Mama, na ɗaga miki murya."

"In kika ba ni haƙurin nan sai na fasa."

Suka yi dariya tare. Anti ta ji kafaɗunta sun sauka, kamar ta sauke tulun da ta manta tana ɗauke da shi. Ta matsa ta gyara wa Mama ƙafar da ke neman zamewa daga kujera.

Sai Mama ta yi gyaran murya.

"Saura abu ɗaya. Na riga na yi wa wata rabin alkawari."

"Wa?"

"Wadda kika nuna min mana. Ranar da kika ce akwai waɗanda suka fi ki, ban ce kamar wa ba? Me kika ce?"

Anti ta tuna. Sunan da ya fara zuwa bakinta ta faɗa, don kawai ta samu hanyar fita daga ofishin.

"Na ce... hannun Gimbiya na da tsabta."

"Yawwa. Na zauna na yi tunani, na ga shekara uku ban taɓa ganin an dawo da labulen da ta ɗinka ba. Ko sau ɗaya. Na ce ashe gaskiyarki. Shi ne na ce bari in gwada ta da babban aiki. Aikin otal ɗin nan, taga sittin, na ba ta ta yanka ita kaɗai. Don haka ma na tura ki nesa jiya, kar ki sa mata hannu."

Anti ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Ta yanka? Da almakashi?"

"A'a, da haƙori. Lafiyarki?"

Yadin otal ba irin na kasuwa ba ne, mai nauyi ne ruwan zuma, wata biyu aka yi ana jiran isowarsa. In aka ɓata shi, babu inda za a samo wani a kusa.

Anti ta koma ta zauna. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Mama, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba."

"Yau ranar ce. Faɗi."

"Labulen Gimbiya da ba a dawowa da su... ni nake gyarawa."

"Kamar yaya?"

"In an fita cin abincin rana sai in tsaya. In warware kalmasar da ta karkace in sake ɗinkawa. In ta yanka ya gota, in daidaita. Kafin su dawo na ninke na mayar mata kan keke."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da ta fara."

Wata ƙara ta fito daga bakin ƙofa, ƙarfe ya faɗi kan siminti.

Ihun Anti na ɗazu ne ya fito da Gimbiya daga ɗakin baya. Ta zo ta ga ko lafiya, ta tura ƙofar da ba ta gama rufuwa ba. Ga ta nan tsaye, alli a goshinta, zare a ɗankwalinta, babban almakashi a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Anti," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Me kika ce?"

"Gimbiya, zo ki ji..."

"Shi ya sa ba kya fita cin abinci da mu? Ni na ɗauka ƙiba kike ragewa. Har ina ce wa Yaya ya daina takura miki, mace na da 'yancin jikinta."

"Ki yi haƙuri."

"Shekara uku! Duk wanda na ɗinka in nuna miki, ki ce ya yi kyau. Na je gida na ce wa mijina ni ce ta biyu a shagon nan. Na ce wa surukata in dai labule ne ta kawo. Ashe ina zaune ne ana min wanka ban sani ba."

"Ban so in ɓata miki rai ba ne. Ke ƙanwar mijina ce, ni na kawo ki. In na ce wannan bai yi ba, wancan bai yi ba, sai ki ga kamar matar yayanki ce ke nuna miki isa."

"Da kin ɓata min rai sau ɗaya, Anti, da yanzu na iya!"

Maganar ta sauka a ofishin ta zauna.

Anti ta san gaskiya aka faɗa mata. Duk shekarun nan tana ganin rufin asiri take yi. Ba ta taɓa tunanin akwai abin da take hana yarinyar ba.

Ta tashi ta je ta ɗauki almakashin, ta kama hannun Gimbiya ta sa mata a ciki.

"Na cuce ki," ta ce. "Ban yi niyya ba, amma na cuce ki. In kin yarda, bari in fara biya yanzu."

Gimbiya ta ja hanci. "Ina ji."

"Kalmasarki hagu take karkacewa, kullum hagu. Jan yadin kike yi, ba kya bari keke ya ja da kansa. In za ki yanka, kina magana kina yankawa. Kuma ba kya ƙulle zare a ƙarshe, sai ki ja ki tsinke."

"Shi ke nan?"

"Akwai saura, amma sai gobe."

Gimbiya ta zaro ido. Mama ta ɗan juya kai gefe, kafaɗunta na rawa.

"Ga kuma wanda ba don in faranta miki ba ne," Anti ta ci gaba. "Duk shagon nan ba wanda ya kai ki ido a launi, har ni. Mutum ya shigo bai san me yake so ba, minti biyar kin haɗa masa abin da zai je gida yana sa miki albarka. Wannan ban taɓa gyara miki ba, don ba abin gyarawa."

"Da gaske kike ko irin ta da ce?"

"Da gaske."

Gimbiya ta share hawaye da gefen ɗankwali, ta ƙara shafa alli a kumatu.

"Ashe kina da baki haka. Yaya ya sani kuwa?"

"Yau zai sani."

Dariya ta kufce wa Gimbiya tana cikin kuka. Ta juya wajen Mama.

"Mama, ni fa dama shagon nan ba na so. Da kika tambaye ni, bakina ne ya riga kaina, na ce eh. Ki ba ta abinta, ni a bar ni da masu zaɓen launi."

"Kun gani," Mama ta ce tana ɗaga hannu sama. "Ɗaya ta ce a'a tana so, ɗaya ta ce eh ba ta so. Allah ka ba ni lafiyar gwiwa in gudu. Ku kama ni mu je mu ga ɓarnar."

Suka kama ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Suna fitowa kekuna suka tashi da gudu lokaci ɗaya, kowa ya duƙufa kamar bai taɓa jin komai ba. Rediyo na ta goge labulen da ta riga ta goge.

A ɗakin baya yadin otal na jere kan dogon tebur, an ninke shi sala-sala, kowane da 'yar takarda maƙale da fil.

"Duka sittin kika yanka?" Anti ta tambaya.

"Duka. Amma wallahi ban yi magana da kowa ba. Sau uku nake aunawa kafin in sa almakashi."

Anti ta zare tef daga wuya. Ta warware na farko, ta auna, ta duba takardar awon da ke manne a bango.

Daidai.

Ta jawo na tsakiya. Daidai. Ta jawo na can ƙasa, ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta bi bakin yankan da yatsa. Miƙe yake sambal kamar an ja da rula.

"Gimbiya," ta ce, "ko rabin inci bai gota ba."

"Ki rantse."

"Wallahi. Wannan aikinki ne, ke kaɗai."

Gimbiya ta daka tsalle ta rungume ta har suna neman ture Mama. Mama ta dafa tebur tana cewa, "Ku bi a hankali, tsohuwa ɗaya gare ku." Rediyo da ta biyo su da sunan kawo ruwa ta ajiye kofin ta shiga tafi.

Mama ta kwance tarin makullan da ke ɗaure a gefen zaninta, ta kama hannun Anti ta danƙa mata. Wannan karon Anti ba ta ce komai ba, ta dunƙule hannu a kai. Makullan da ɗuminsu.

"Sai dai abu ɗaya ya ba ni mamaki," Gimbiya ta ce tana ninke yadin. "Tagogin otal ɗin nan gajeru ne haka? Na bi ta gabansa a mota ran nan, ni gani na yi kamar daga sama suke har ƙasa."

Hannun Anti ya tsaya.

Ta juya ta kalli takardar da ke bango. Rubutunta ne, lamba bayan lamba.

Sai ranar ta dawo mata. Ta je otal ɗin da tef ɗinta, manajan ya tare ta a ƙasa da fara'a, ya sa aka kawo mata lemo. Ya ce akwai baƙi a ɗakunan, ba sai ta wahala ba, shi da kansa ya auna. Ya riƙa karanto mata tana rubutawa. Ta ɗaga kai ta hango tagogin ta waje, ranta ya ce mata lambobin nan sun yi kaɗan. Ta ce ko za ta ɗan leƙa ɗaki ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Ko ba ki yarda da ni ba ne?"

Ita kuwa ta ce, "Haba ranka ya daɗe, na yarda mana."

"Ke," Mama ta ce, tana karantar fuskarta. "Wa ya auna tagogin nan?"

"Manajan."

"Ke kina ina?"

"Ina... shan lemo."

Rediyo ta dafe ƙirji. Gimbiya ta saki yadin da ke hannunta.

Mama ta ɗaga kai ta kalli silin. Sannan ta sauke numfashi.

"To. Yadi ne, ba wuyan mutum ba. Wanda ya ba da awo shi ma yana da nasa kason, in dai an samu mai bakin faɗa masa."

Daidai nan wayar Mama ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ta laluba ta fito da ita, ta nisanta ta da ido tana karanta sunan. Wani murmushi ya ɓulla a gefen bakinta. Ta danna, ta ƙara murya yadda kowa zai ji, ta miƙa wa Anti.

"Mama, ni?" Anti ta raɗa.

"Ni na ajiye aiki tun ɗazu. Ga mai shago nan."

Muryar manajan ta cika ɗakin, cike da fara'a.

"Mama, barka da hantsi! Albishirinki. Mai otal ɗin da kansa ya ce sai ya ga labulensa da ido. Ga mu nan mun tsaya a ƙofar shagonku, a buɗe mana."